Kafin ka biya kuɗin kwamfutar tebur, ka shiga BIOS ɗinta

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ya rufe tallafin Windows 10, in ban da ɗan ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya yi rajista, lissafin sayen kwamfutar tebur ya canza. A da tambayoyin mai saye ba su wuce uku ba: Core nawa ce, RAM nawa ne, haddis ɗin nawa yake ɗauka. Yanzu akwai wasu abubuwa uku da ba a rubuta su a jikin kwali, saitinsu kuma yana cikin BIOS (shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi), wato TPM 2.0 da Secure Boot da VT. Biyun farko su Windows 11 take nema kafin ta yarda ta zauna a kan na'ura. Na ukun shi ke ba ka damar tayar da wata kwamfuta a cikin kwamfutarka.

TPM wani ɗan ma'aji ne da ke riƙe mabuɗan sirri, irin wanda BitLocker ke kulle haddis da shi da kuma lambar PIN ta shiga Windows. Wani lokaci guntu ne mai zaman kansa a kan madabod (babban allon da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kansa), wani lokaci kuma yana cikin kayan Intel ko AMD ɗin kansu, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Secure Boot aikinsa ya duba sa hannun duk manhajar da ke son tashi kafin Windows, ya tare wadda ba ta da shaida, domin cutar da ta riga Windows tashi tana da wuyar kamawa. Shi kuwa VT, mai BlueStacks ko LDPlayer ya san shi, haka ɗalibin da ke koyon Linux a VirtualBox ko WSL2. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ita Windows 11 kanta da VT take gudanar da kariyar da ake kira Memory integrity, don haka ko ba ka da niyyar tayar da wata kwamfuta a ciki, kana da buƙatarsa.

A shagunan Beirut Road a Kano, ko Computer Village a Ikeja, yawancin abin da za ka tarar a kan kanta tokumbo ne da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre. Na'urori ne masu ƙarko, ina kuma ganin har yau su ne mafi dacewa da kuɗin yawancin mutane. Sai dai akwai wani layi da ya raba su gida biyu, shi ne zubin furosesa, wato generation ɗinta. Jerin furosesoshin da Microsoft ya amince da su don Windows 11 ya fara ne daga zubi na 8 na Intel, in ban da ƴan tsiraru daga na 7 da ba kasafai ake ganinsu a kasuwa ba. Lambar farko bayan layin tsakiya ita ke faɗa maka zubin: i5-6500 na 6 ne, i5-7500 na 7, i5-8500 na 8, i5-10400 kuma na 10. A sunan na'urar ma ana iya ganewa. OptiPlex 3050 da 5050 da 7050 na zubi na 6 ko na 7 ne, 3060 da 5060 da 7060 kuma na 8. A HP, EliteDesk 800 G3 yana bayan layi, G4 ya haye. A Lenovo, M710 yana baya, M720 da M920 suna gaba.

Nan ne ake cin mutane da sunan "Core i7". Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan i7 ce fa, waccan i5 ce kawai," ya ɗora kuɗi a kai. In ka duba ka ga i7-3770, furosesar 2012 ce, kuma i5-8500 ta fi ta ta kowace fuska. Ko tsakanin i5-7500 da i5-8500 da shekara guda kawai ta raba, ta farko tana da ƙwaya (core) 4, ta biyu 6. Ga mai son tayar da kwamfuta cikin kwamfuta, ƙwaya biyun nan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin zai iya ware wa ta ciki biyu ko uku ba tare da ta waje ta fara ja da ƙyar ba.

To, na zubi na 6 da na 7 ba su da amfani ke nan? Suna da shi. Suna da VT, suna da Secure Boot, da yawansu ma suna da TPM 2.0 ko na 1.2 da ake iya ɗaga shi. Wanda zai sa Ubuntu ko Linux Mint, ko mai son ƙaramar saba (server) ta gwaji da manhajar Proxmox, zai more su a kan kuɗi kaɗan. Wanda bai kamata ya saya ba shi ne mai shagon buga takardu da rajistar jarrabawa, ko ƙaramin ofis da ke ajiye bayanan mutane, wanda zai zauna a kan Windows shekara da shekaru.

Za ka ce, ai ga Windows 11 nan tana aiki a kan 7050 ɗin da ke gabanka. Haka ne, kuma wannan ne tarkon da na fi son mai saye ya gane. Da manhaja irin Rufus ana iya tsallake binciken TPM da na furosesa a ɗora Windows 11 a kan kusan kowace tsohuwar na'ura. Za ta tashi, za ta yi aiki. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan na'ura sabuntawa ba, kuma babban sabuntawar shekara ba ya zuwa mata da kansa, sai an sake yin dabara. Ganin tambarin Windows 11 a allo ba shaida ba ce. Shaida tana wurare uku, kuma duba su ba ya cin minti biyar. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta tpm.msc, kana son ka ga an ce TPM a shirye yake, kuma a ƙasa inda aka rubuta Specification Version ka ga 2.0. Sake dannawa ka rubuta msinfo32. A layin BIOS Mode kana son UEFI, wato sabon tsarin tashi, ba tsohon tsarin Legacy ba, a layin Secure Boot State kuma On. A wannan shafin ne za ka ga cikakken sunan furosesa, wanda ya fi sitikar da ke jikin akwati gaskiya. Sannan ka buɗe Task Manager, ɓangaren Performance, ka taɓa CPU, ka nemi Virtualization a ƙasan dama.

Idan ɗaya daga ciki ya nuna a kashe yake, wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, muddin BIOS ɗin a buɗe yake. Shi ya sa dole ka sa a sake kunna na'urar a gabanka ka shiga. A Dell F2 ake dannawa, a HP F10, a Lenovo F1. Kada ka tsaya ga kallo kawai, ka canza wani abu ƙarami ka ajiye, ka ga ko zai karɓa. Kamfanoni da yawa suna sa wa BIOS kalmar sirri ta mai kula da na'urori, wani lokaci kuma a sayar da su ba a cire ba. Irin wannan za ta bar ka ka shiga ka duba, amma komai ya yi fari-fari ba ya taɓuwa, ko ka ga alamar kwado a ƙasa. Za a ce maka, "Ba komai, cire batir kawai za a yi." A tsofaffin na'urori akwai ƴar jamfa a kan madabod da ke goge kalmar, amma a yawancin na ofis na baya-bayan nan cire batir ba ya taɓa ta. In mai shago ya ce zai iya, ya yi a gabanka kafin kuɗi su fita daga hannunka. In bai iya ba, ka bar masa kayansa komai arha, domin kamar sayen gida ne da aka riƙe makullin ɗaki guda.

Akwai wasu ragowar ofis guda biyu da ya kamata ka leƙa. A sashen Security ka nemi Absolute ko Computrace, tsarin bin sawun na'urar da ta ɓace; idan yana kunne, mai yiwuwa tsohon mai ita yana da hannu a kanta har yanzu. Na biyu sai an sake ɗora Windows tare da intanet yake bayyana: allon farko ya fito da sunan wani kamfani yana neman adireshin imel na ma'aikaci. Wannan na nufin na'urar tana cikin rajistar Autopilot ta wancan kamfani, kuma ba abu ne da kai za ka iya cirewa da kanka ba. Saboda haka ka nemi garanti na ƴan kwanaki, a rubuta a jikin rasit.

Ka kuma dubi kwanan wata a cikin BIOS. Idan ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin CR2032 ya mutu, kuma duk abin da ka saita zai iya gogewa da zarar an zare waya daga soket. Batirin ba shi da tsada, a canza maka shi nan take.

Zaɓi na gaba shi ne haɗa sabuwa da kanka, ka sayi madabod na ASUS ko MSI ko Gigabyte ko ASRock. Nan babu kwadon kowa, kuma babu buƙatar sayen guntun TPM daban, tunda PTT ko fTPM ya wadatar wa Windows 11. Na ga masu kashe kuɗi a kan guntun nan ba dalili, alhali ƙafafunsa ma sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, na wannan ba ya shiga na wancan. Wahalar haɗaɗɗiya ita ce kowane kamfani da inda ya ɓoye saitin da sunan da ya ba shi. Da Del ake shiga yawancinsu. A madabod na Intel ka nemi Intel Virtualization Technology ko VMX, a na AMD kuma sunansa SVM Mode, kuma sau da yawa a kashe yake zuwa. A MSI, TPM yana ƙarƙashin Security Device Support. VT-d na Intel da IOMMU na AMD su ma ka kunna su, suna cikin abin da Windows ke kare ƙwaƙwalwar na'ura da shi, kuma su ake buƙata in za a miƙa wa kwamfutar ciki wani kati kai tsaye.

Tsakanin Intel da AMD, ta fuskar waɗannan saituna babu wanda ya fi wani. Abin lura a AMD biyu ne. Ryzen na jerin 1000 ba sa cikin jerin Windows 11, haka ma 2200G da 2400G duk da lambarsu ta fara da 2, domin gininsu na zubin farko ne. 2600 da 3200G da abin da ya biyo baya suna ciki. Sannan an yi wata matsala ta ɗan tsaitsayawar sauti da hoto idan fTPM yana kunne, wadda AMD ya gyara a 2022 da sabuntawar BIOS mai ɗauke da AGESA 1.2.0.7. Idan madabod ɗin AMD mai soket AM4 na hannu za ka saya, ka tabbata BIOS ɗinsa ya kai nan ko ya wuce.

Su kuma madabod masu arha na X79 da X99 da ake haɗawa da tsofaffin Xeon E5, ƙwayoyinsu da yawa suna jan ido, amma ba sa cikin jerin Windows 11, kuma da wuya ka samu sabunta BIOS daga masu yin su. Ban ba kowa shawarar ya ɗora sana'arsa a kansu ba.

Maganar sabunta BIOS ta ƙara nauyi yanzu, domin takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu na ƙarewa daga Yuni 2026, ana maye gurbinsu da na 2023. Na'ura ba za ta daina tashi ba saboda haka, amma wadda ba ta samu sababbin ba za ta rasa gyaran tsaro na matakin tashi. Nan Dell da HP da Lenovo suka fi, tunda da lambar jikin akwati kawai za ka shiga shafinsu ka ga BIOS na ƙarshe da ranar fitarsa. Ka duba wannan a wayarka kana tsaye a shagon.

Game da RAM, 4GB da Microsoft ya rubuta na tashi ne kawai. Mai kwaikwayon Android guda ɗaya zai lallaɓa da 8GB, mai son tayar da Windows ko Linux a ciki ya nemi 16GB da SSD. Ka kuma san cewa Hyper-V, manhajar Microsoft ta tayar da kwamfuta cikin kwamfuta, sai a Windows Pro, amma WSL2 da VirtualBox suna aiki a Home. Na'urorin ofis galibi da lasin Pro a cikin madabod suke zuwa, wannan ma riba ce da haɗaɗɗiya ba ta da ita.

Bayan ka kai ta gida, tsarin kunna abubuwan yana da muhimmanci. Secure Boot ba ya aiki sai an kashe CSM, saitin da ke ba tsohon tsarin tashi dama, wanda Dell ke kira Legacy Option ROMs. Idan an ɗora Windows a tsohon tsarin raba haddis na MBR ka kashe CSM, na'urar za ta ce ba ta ga haddis ba; bayananka suna nan, ka mayar da saitin, ka juya haddis ɗin zuwa sabon tsarin GPT da umarnin mbr2gpt ko ka sake ɗora Windows, sannan ka kashe. Tsohon katin hoto da bai san UEFI ba shi ma zai iya ba ka baƙin allo, sai ka zare shi ka jona waya a ramin madabod, in furosesar tana da nata hoton, ka gyara. Na'urar tokumbo yana da kyau a goge TPM ɗinta kafin sabon ɗori, amma kada ka taɓa Clear TPM a kan wadda ka riga ka zuba aikinka sai ka tabbatar mabuɗin ceto na BitLocker yana hannunka. Lamba ce mai alƙaluma 48, kuma tun daga Windows 11 24H2 sabon ɗori yakan kulle haddis da kansa idan ka shiga da asusun Microsoft, ya ajiye mabuɗin a can. Ka buga shi a takarda ka adana. Ranar da za ka sabunta BIOS kuma, ka dakatar da BitLocker tukuna, ka jona na'urar a UPS ko inbata mai cikakken caji, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, madabod ɗin zai iya ƙin tashi gaba ɗaya.