Takin ƙarfe na Fe-EDDHA a garkar lemu: tsada da amfaninsa

Masu garkar lemu a jihar Tawa sun san ciwon da ke sa sabon ganye ya yi rawaya alhali jijiyoyinsa suna nan kore. Rashin ƙarfe ne, kuma ba don ƙasar ba ta da shi ba. Ƙasar Adar tana da dutsen farar ƙasa, wanda shi ne ma ake haƙa a Malbaza don yin siminti, kuma inda ya yi yawa ƙarfe yakan daskare ta yadda saiwa ba ta iya shansa. Wannan ne ya sa na sayi garin Fe-EDDHA a wani shagon kayan noma na Yamai, bayan na yi amfani da Fe-EDTA ban ga canjin kirki ba. Dukansu takin ƙarfe ne: Fe alamar ƙarfe ce, EDDHA da EDTA kuwa sinadarai ne da ke riƙe ƙarfen don kada ya daskare.

Dukansu biyu aiki ɗaya suke yi: sinadarin yana kama ƙwayar ƙarfe ɗaya ta wurare shida, kowane wuri yana ba ta ilektron biyu, har a samu zobba da suka kewaye ta. Kamar akuya ce da aka ɗaure da igiya shida; ko ɗaya ta kwance, biyar suna riƙe da ita har a sake ɗaurawa. EDTA, wanda Ferdinand Münz ya haɗa a Jamus a 1935, yana kamawa da azot biyu da oksijin huɗu, amma da zarar pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa da ke hawa idan tsami ya ragu, ya wuce 6.5 sai kalsiyom, sinadarin da ke cikin farar ƙasa, ya fara ƙwace gurbin ƙarfen. Shi kuwa EDDHA, biyu daga cikin oksijin ɗinsa na wani nau'in sinadari ne da ake kira fenol, kuma riƙon da yake yi wa ƙarfe ya ninka na EDTA sau biliyoyi, shi ya sa yake tsayawa har pH 9.

Garin ja ne mai duhu, yana narkewa nan take, yana kuma ɓata hannu da tufafi. Na zuba shi a gindin itatuwa da maraice na bi da ruwa, domin hasken rana yana lalata shi. Sabon tohon da ya biyo baya kore shar ya fito.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne rubutun jikin ledar. An rubuta kashi 6 cikin 100 na ƙarfe, amma ba a faɗi nawa ne daga ciki yake nau'in EDDHA da ake kira orto-orto ba, alhali shi ne mai cikakken riƙo; nau'in orto-para yana sakin ƙarfen da wuri. Mai shagon, mutum mai haƙuri da tambaya, ya ce haka ake kawo musu shi.

Tsadarsa ta sa ban ga hikimar zuba shi a fadamar albasa ba. Ga mai lemu ko gwaiba a ƙasa mai farar ƙasa, kuɗinsa suna fita, muddin ya nemi ledar da ta bayyana adadin orto-orto kafin ya biya.