Sharhi: robobin gyaran etiriye a birkin bayan RAV4 mai kuka da zafi

Kayan da nake magana a kai ƴar leda ce da ake samu wajen masu sayar da kayan mota a Yamai, don gyaran etiriye. Etiriye shi ne ƙarfen da ke matse pilaket, wato takalman birki, a jikin disk idan aka taka birki, fistan ɗin da ke cikinsa ne ke yin turin. A cikinta akwai zoben roba na fistan, da robar da ke kare fistan daga ƙura, da ƙananan robobi biyu na sandunan da etiriye ke zamewa a kai, da hular noti na fitar da iska, da ɗan ƙullin giris. An sa su a Toyota RAV4 ƙirar 2006 zuwa 2012, wadda ƙafarta ta baya ta dama ke kuka, tana zafi har ƙaurin pilaket ya shigo cikin mota. Hukuncina shi ne kayan suna aiki, kuma sun fi etiriye na hannu da ba a san tarihinsa ba, amma da sharaɗi: sai an tabbatar ciwon na etiriye ne, kuma jikin fistan bai ci tsatsa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai a garaji da yawa shi ne, da an ce birki na kuka sai a ce a canza pilaket. Pilaket ba ya ƙonewa haka kawai, wani abu ne ke danne shi a jikin disk bayan direba ya ɗaga ƙafa. In aka sa sabo ba a nemo wannan abin ba, shi ma haka zai ƙone, ya tafi da disk ɗin.

Binciken ba shi da wuya. A yi tafiyar kilomita biyar zuwa goma ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya, a kusantar da bayan hannu ga kowace ƙafa, kada a taɓa disk. Wadda ta fi ƴar'uwarta zafi ita ce mai matsala. A ɗaga ta da jak, a sa mata abin tokare, a saki birkin hannu, a juya taya. In ta yi nauyi, a taka birki da ƙarfi a saki, sannan a kwance notin fitar da iska da kile 8. Idan man birki ya yi tsartuwa kuma taya ta sake nan take, laifin na tiyon birki ne: ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya shiga amma ba ya barinsa ya koma. Wannan leda ba za ta yi maganinsa ba, sai sabon tiyo. Idan kuwa taya ta ci gaba da riƙewa, to ko fistan ne ko sandunan. In kuwa rulmar ƙafar ce ta lalace, gurnani take yi, tana ƙaruwa da gudu, ba ruwanta da taka birki.

Pilaket ɗin da aka cire shi ma shaida ne. A wannan motar na ciki ya cinye saura kaɗan ya kai ƙarfe, na waje kuwa da sauran namansa, alamar etiriye ba ya zamewa. Sandar ƙasa ta bushe ƙamas, robarta ta yage, yashi ya shiga ya haɗu da tsohon giris ya daskare. A garin nan ba abin mamaki ba ne: ƙurar hunturu, hanyoyin unguwa da ba kwalta, sannan ruwan Yuli da Agusta da motoci ke ratsawa har ya rufe disk. Roba ɗaya ta tsage, ruwa da yashi sun samu ƙofa.

Ga yadda aikin ke tafiya. A kwance notoci biyu na etiriye da kile 14, a rataye shi da waya, kada a bar shi yana lilo a jikin tiyo. A taka birki a hankali har fistan ya fito, sannan a cire tiyon a toshe bakinsa. Zoben ciki da tsinken roba ko na itace ake zaro shi, domin sukudireba na karce ramin da yake zama, daga nan sai yoyo. A wanke komai da man birki mai tsabta. Esansi da gazuwal, da ake yawan wanke ƙarfe da su a garaji, haramun ne a nan, suna kumbura robar birki. Sai a duba fistan da kyau cikin haske. Baƙin datti yana goguwa, amma in farce ya ji ƙananan ramuka na tsatsa, fistan ya gama aiki, zai yanka sabon zoben. Wannan shi ne babban giɓin ledar: yawancinsu ba fistan a ciki, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka ba sai ka tambaya.

Zoben ya zauna daidai a raminsa, robar ƙura ma ta kama bakin fistan gam. An shafa musu man birki, fistan ya koma da matsin yatsu biyu, ba a buƙaci guduma ba. Robobin sandunan ne suka ɗan gaza na asali kauri, don haka ya kamata a riƙa leƙa su duk lokacin da aka cire taya. Giris ɗin kuwa kaɗan ne ƙwarai, da ƙyar yake isar ƙafa ɗaya. A sayi ƙarin na silikon, ko irin wanda aka yi don robar birki. Baƙin giris na rulma kada ya kusanci sandunan, shi ne ke kumbura roba har sanda ta maƙale, a dawo gidan jiya.

Wannan RAV4 tana da wani wurin da ake mantawa. Birkin hannunta ba a etiriye yake ba, ƙananan garnitir ne guda biyu a cikin ƙoƙon disk, kamar tambur ƙarami. In kebur ya yi tsatsa bai koma ba, ko aka ɗaure su da yawa, su ma suna zafi da kuka. Dole a cire disk a gani: akwai ramuka biyu masu zare a fuskarsa, a ɗaura noti M8 a ciki sai ya turo kansa waje. Wajen saiti, a juya ƴar tauraruwar da ke saita garnitir, wato ɗan ƙarfe mai haƙora da ke tsakaninsu, har disk ya tsaya cak, sannan a mayar da ita baya haƙori 8. Masu Golf da Peugeot 307 su lura, nasu birkin hannun a jikin etiriye yake, fistan ɗinsu murɗa shi ake yi ya shiga, in aka danna shi da ƙarfi an lalata shi.

Disk ɗin da ya yi shuɗi saboda wuta, ko ya gaza kaurin da aka buga a gefensa, a canza shi, kuma ƙafa biyu tare. Pilaket ma haka, hagu da dama lokaci ɗaya. Ni da zarar ya sauko milimita 3 nake cire shi, ba na jiran ɗan ƙarfen da ke kuka idan pilaket ya cinye ya fara magana.

Man birki kuma a zubar da shi gaba ɗaya, domin birkin da ya yi irin wannan zafi ya dafa man. Sabon mai nau'in DOT 3 yana tafasa ne daga digiri 205, DOT 4 daga 230, amma in sun sha danshi sai su sauko wajen 140 da 155. Ga wanda zai kama hanyar Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni har Tawa da zafin Afrilu, mota cike da kaya, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Lita ɗaya ta isa, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. A fara fitar da iska daga baya dama, sai baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Notocin taya a ɗaure su a 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a tsallake-tsallake, domin ɗaurin da ya fi ƙarfi a gefe ɗaya yana karkatar da disk.

Kafin mota ta motsa a taka birki har ya yi tauri. Sannan a samu hanya marar cunkoso, a sauko daga gudun 60 zuwa 10 kamar sau takwas, ba tare da tsayawa cak ba, don pilaket ya zauna. Bayan wannan gyaran ƙafafun baya biyu ɗuminsu ya zo ɗaya, kukan ya ɗauke, taya kuma tana juyawa da hannu ɗaya in an ɗaga ta.