Faransa na nan kusa, amma sai da biza

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da iyali, da su Inna. Ka tambaye ni a waya me ya hana ni zuwa Faransa tun lokacin da na ce zan je in ga gari, alhali a taswira ɗan ruwa ne kawai tsakaninta da Ingila. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Na kuma san akwai mutane da yawa a gida masu irin tunanin da nake da shi kafin in zo, wai da zarar mutum ya sa ƙafa a Turai sauran ƙasashen duk a buɗe suke gare shi.

Izinin zama da aiki da nake da shi na Ingila ne kaɗai, iyakarsa bakin teku. Yawancin ƙasashen da ke can tsallake suna cikin wata yarjejeniya da ake kira Shengen, sunan wani ƙauye ne a Luksamburg inda aka sa mata hannu a 1985, ta fara aiki a 1995. Yau ƙasashe 29 ne a ciki, biza ɗaya ta ishe ka ka zaga su duka. Ingila kuwa ba ta taɓa shiga ba, ko a zamanin da take cikin Tarayyar Turai. Abokin aikina mai fasfon Birtaniya sai ya sayi tikitin jirgin ƙasa na Eurostar, ya hau a Landan, jirgin ya bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku, mai tsawon kilomita 50, wanda aka buɗe a 1994, cikin awa biyu da 'yan mintoci yana Faris. Ni da muke aiki ɗaya da shi, muke biyan haraji ɗaya, sai na nemi bizar yawon buɗe ido da koren fasfona.

Abin da ya fara burge ni, kuma dole in faɗa, shi ne komai a rubuce yake. Ba ka buƙatar sanin wani da ya san wani. Ka shiga intanet, ka faɗi ƙasarka da dalilin tafiyarka, a jero maka abin da za ka kawo. Fasfo ya zama an ba da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma ya rage masa wata uku bayan ranar da za ka baro ƙasarsu. Sai hoto, da shaidar izinin zamanka a nan, da wasiƙa daga wurin aiki cewa an ba ka hutu kuma ana jiran dawowarka, da takardar albashi, da bayanan asusun banki na wata uku, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa. Sai kuma inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar nauyin aƙalla yuro 30,000 idan ciwo ya kama ka a can. Da na tara takardun a kan tebur na dube su, sai na gane tambaya ɗaya suke amsawa: wannan mutumin zai koma inda ya fito? Wanda ya fahimci haka ba zai aro kuɗi ya zuba a asusunsa ana saura kwana biyu ba, don masu duban takardun sun fi son ganin albashi yana shiga wata-wata, ko da kaɗan ne, a kan tarin kuɗin da ba a san daga ina ya faɗo ba.

Kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba, da 80 ne, aka ƙara a watan Yunin 2024. Ban da wannan akwai ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci. In an hana ka, ba a mayar maka da ko sisi. Za a dai ba ka takarda mai nuna dalili, kuma kana da ikon ɗaukaka ƙara.

Inda na sha wuya shi ne samun ranar ganawa. Doka ta ce kana iya nema tun saura wata shida ka tafi, kuma kada ka bari sai ƙasa da kwana 15. Ni na fara a makare, ga bazara ta kusa, lokacin da kowa ke son fita. Mako huɗu ina duba shafin da asuba kafin in fita aiki, in dawo da dare in sake dubawa, babu gurbi. A nan na ga abin da ban zaci zan gani a ƙasar nan ba: 'yan kama-wuri-zauna na intanet, masu kwashe guraben su sayar wa mabuƙata. An turo mini lambar ɗaya daga cikinsu, na ƙi. Wasu kuma suka ba ni shawarar in nemi bizar wata ƙasar Shengen mai gurbi a buɗe, in ya so in wuce Faransa da ita. Wannan ma na ƙi, domin ƙa'ida ita ce ka nema a wurin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, kuma ban ga amfanin fara tarihin tafiye-tafiyena da ƙarya ba. A ƙarshe wani ya soke tasa ranar, Allah Ya sa idona na kan shafin.

Ranar ganawar kuwa ban cika awa ɗaya a wurin ba. An ba ni lamba, aka kira ni, ma'aikaciyar ta duba takardun ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna goma, na biya da kati, aka miƙo mini rasit da lambar da zan riƙa bibiyar fasfona. Babu wanda ya ce in ba shi na goro, babu wanda ya shiga gabana don ya san oga.

A hanyar komawa gida ne na tuna tafiyar da muka yi da kai Nijar. Ka tuna abin da muka riƙe? Takardar tafiya da katin rigakafin shawara, shi ke nan. Ba mu cike fom ba, ba wanda ya tambayi abin da ke asusunmu. Ban san darajar wannan ba sai yanzu. Ƙasashen ECOWAS sun sa hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirga a Dakar tun 1979, shekara shida kafin Shengen, wadda ta ba ɗan yankin damar shiga maƙwabciyar ƙasa ya yi kwana 90 babu biza. Talaka mai ɗan jarinsa, da mai zuwa biki ko gaisuwar rasuwa a tsallaken iyaka, ba ya jiran mako huɗu, ba ya biyan yuro 90. Wallahi wannan babbar ni'ima ce. Abin da ke ɓata ta shi ne hanya. Kai ma ka ƙirga shingayen da muka tsaya a kansu, da yadda direba ke sauka da takardu a hannu ya dawo yana ƙunƙuni, ba rasit, ba wanda ya san nawa za a nema a shinge na gaba. A nan kuɗin ya fi yawa nesa ba kusa ba, amma tun daga ɗakina na san adadinsa. Da za a ba mu wannan tsarin nasu a ɗora a kan dokarmu, da babu yankin da zai kama ƙafarmu wajen sauƙin tafiya. Shi ya sa hankalina ya tashi da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Na ji daɗi da aka sanar cewa za a ci gaba da barin mutane su wuce babu biza, kuma ina addu'ar kada rigimar shugabanni ta raba 'yan uwa da wannan damar.

Fasfona ya dawo bayan kwana 12, cikin wa'adin kwana 15 da suka saba yanke hukunci, ko da yake yakan kai 45 in sun ga buƙatar ƙarin bincike. Sun ba ni. Wani dattijo da ya daɗe a nan ya ja hankalina in karanta takardar da aka manna da kyau, don kwanakin da bizar ke aiki daban, adadin kwanakin da aka yarda ka zauna daban, kuma akwai wurin da ke nuna sau nawa za ka shiga. Mutane kan ruɗe a nan su wuce wa'adi ba da niyya ba, abin ya bi su a nema na gaba. Zanen yatsun da aka ɗauka yana aiki har wata 59, saboda haka in Allah Ya kai mu wani karon za a ɗan rage mini wahala.

Zan tashi ranar Juma'a ta sama in sha Allahu, kwana biyar zan yi. Don Allah ka gaya wa ƙanenmu da ke shirin zuwa karatu ya duba ranar ƙarewar fasfonsa tun yanzu, in ya kusa ya sabunta shi kafin ya taso, kuma ya ajiye tsohon, don bizojin da ke ciki suna yi wa mutum shaida. A gaishe mini da Inna, a ce ta sa ni a addu'a.