Na kai yarona gidan tarihin besbol na Cooperstown

Shekara tara ina zaune a Bronx da ke birnin New York, kusan kullum sai na wuce filin ƙungiyar besbol ta Yankees da tasi, amma ban taɓa sanin abin da ake yi a ciki ba. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne. Yarona ne ya kamu da besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda, a makaranta, ya hana ni sakat sai na kai shi gidan tarihin wasan da ke Cooperstown. Da aka yi hutu muka kama hanya. Tafiyar awa huɗu ce daga birnin New York, garin kuwa ƙarami ne a bakin tafkin Otsego, kamar ba zai ɗauki baƙi ba.

A 1939 aka buɗe gidan, hawa uku ne. A ƙasa akwai zauren allunan tagulla, kowane gwarzo da fuskarsa da bajintarsa. Mutum biyar aka fara zaɓa a 1936, ciki har da Babe Ruth da Ty Cobb. Gaskiya a nan ban daɗe ba, don wanda bai san mutanen ba, allo allo ne kawai.

Hawa na uku ne ya biya ni kuɗin mai. Can ake ajiye tarihin bajintar da aka kafa, yaron kuma ya zama malamina. "Baba, ka ga wannan? Joe DiMaggio, wasa 56 a jere yana samun nasarar bugun ƙwallo a 1941, har yau ba wanda ya kamo shi." Ya nuna min Cal Ripken da ya buga wasa 2,632 bai yi fashin ko ɗaya ba. Na ce wannan ko ciwon kai ba ya yi?

Sai sashen Hank Aaron. Ruth ya bar tarihin bugun da ke fitar da ƙwallo waje har 714, kowa yana ganin ba mai taɓa shi. Aaron, baƙar fata daga Alabama, ya matso kusa, sai wasiƙun zagi da barazanar kisa suka dinga zuwa masa. Ranar 8 ga Afrilu 1974 a Atlanta ya buga na 715, ya yi ritaya da 755. Na fi minti ashirin a wurin. Mutum yana fita fili kullum, bai san ko wani a cikin 'yan kallo ya zo da bindiga ba, kuma hannunsa bai yi rawa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki ƙwallon Barry Bonds ce, wadda ya wuce Aaron da ita a 2007, bugu na 756. Wani mai kamfanin tufafi ya saye ta sama da dala dubu 750, ya sa jama'a suka yi zaɓe a intanet, aka yi mata tambarin tauraro saboda zargin ƙwayoyin ƙara kuzari, sannan ya ba gidan. Tana nan da tabonta. Bonds ya ƙare da 762, ya fi kowa, amma ba shi da allo a ƙasa, don bai samu kashi 75 na ƙuri'un 'yan jarida da ake buƙata ba. Ni wannan ya burge ni, ba su ɓoye abin kunyarsu ba. Yaron kuwa cewa ya yi an zalunci Bonds, muka yi ta musu har mota.

Mai niyyar zuwa ya tafi da wanda ya san dokokin wasan, ya ware awa uku ko huɗu, ya kuma ɗauki guzuri. Mu dai da burodi da kifin gwangwani muka yi abincin rana, sallar Azahar kuma a gefen tafki muka yi ta.