Hattara da 'yan kwangilar bogi masu farautar kuɗin kayan makaranta

Shugabannin makarantu, masu riƙe da kuɗi, masu kula da sito da 'yan kwamitin iyaye, a yi hattara. Da zarar gwamnati ta saki kuɗin sayen kujeru, tebura da kwamfutoci, akwai mutanen da suke jin ƙamshinsa tun kafin ya shiga asusun makaranta. Ba da ƙarfi suke zuwa ba, da takardu suke zuwa, kuma takardun nasu sukan fi na ɗan kwangilar gaskiya kyan gani.

Ƙa'idar kashe kuɗin jama'a kusan ɗaya ce a ko'ina. Ana neman farashi daga kamfanoni daban-daban, galibi uku, idan kuɗin ya yi yawa a tallata kwangilar kowa ya nema, sannan a biya bayan kaya sun iso an duba su. Macucin ya san wannan sarai, shi ya sa yake zuwa da farashin kamfanoni ukun a jakarsa, ya ce ya sauƙaƙa muku aiki. Duk ukun nasa ne. Biyu ya tsuga musu kuɗi da gangan domin na ukun ya fito a matsayin mai rahusa. Ku jera takardun a kan tebur ku duba da kyau: lambar waya ɗaya, adireshi ɗaya, har kuskuren rubutun da ke cikin ta farko za ku tarar da shi a ta biyu.

Sai maganar samfur, kuma a nan aka fi yi wa makarantu sakiyar da ba ruwa. Kujerar da zai kawo ofis a gani ta gaske ce, katako mai nauyi, ƙarfe mai kauri, walda ta kama ko'ina. Wadda za ta sauko daga mota ranar kawo kaya kuwa daban ce. Ku juya tebur ɗaya ku kalli ƙasansa. Inda ya kamata a ga katako, dusar katako ce aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai zanen itace, ruwa na taɓa ta sai ta kumbura ta fara marmashewa. Ƙarfen ƙafar kuwa, babban yatsa ma yana iya lotsa shi, waldar ɗigo biyu ce aka rufe da fenti. Yara kuwa ba sa zama a kujera kamar manya, hawa suke yi, su ja, su girgiza. Kafin zangon karatu ya ƙare an tara karyayyun a bayan aji, da bakin ƙarfe a waje yana yankar ƙafafu.

Kuma ku lura da lokacin da motar take isowa. Dab da tashi daga aiki ne, ko ana jibi hutu, direba yana ta sauri, a sa hannu kawai ya wuce. Wannan sa hannun shi ne duk abin da suke nema. Takardar tana cewa an karɓi kaya cif-cif kuma lafiya ƙalau, da ita za a fitar da kuɗi, da ita kuma masu binciken kuɗi za su tuhumi wanda ya sa hannu bayan kamfanin ya ɓace. A ganina, duk wanda ya sa hannu a kan kwalin da bai buɗe ba ya ɗaukar wa kansa laifin wani ne. Da kwamfuta abin ya fi muni, domin tsohuwa ake gogewa a sa ta a sabon kwali. A kunna kowace ɗaya, a gwada lambar da ke jikinta da wadda ke kan rasit, a tabbatar da garantin a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Masu cewa kyauta za su ba makaranta na'urori, a sa hannu kawai don shaida, sau da yawa yarjejeniyar haya ce ta shekaru ke ɓoye a ƙananan rubutun.

Akwai kuma damfarar da ba a kawo ko ƙusa. Saƙon imel ne zai shigo da sunan ɗan kwangilarku na gaskiya, da tambarinsa, yana cewa sun canza asusun banki. Kada wani ya ce wannan sai ƙaramar makaranta. A watan Agustan 2017 haka aka yi wa Jami'ar MacEwan da ke Edmonton a ƙasar Kanada, ma'aikatanta suka tura dalar Kanada miliyan 11.8 zuwa asusun 'yan damfara da suka yi shigar kamfanin gine-ginen da ke yi mata aiki. Ba a farga ba sai da kamfanin na ainihi ya kira yana tambayar kuɗinsa. An dawo da mafi yawan kuɗin daga baya, amma ba kowa ke dacewa haka ba. Da an yi kiran waya ɗaya, da ya hana wannan, muddin an kira lambar da ke cikin tsohon fayil, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Kafin alƙalami mai yawa ba tare da lamunin banki ba, a ƙi. A rubuta irin katako da kaurin ƙarfe a cikin yarjejeniya, a riƙe samfurin a kulle a sito har ranar karɓar kaya, kuma wanda ya zaɓi ɗan kwangila kada ya zama shi ne mai ƙirga kayan. Idan kuwa kuɗi ya riga ya fita, a kira banki a ranar, a kai rahoto ga 'yan sanda da hukumar da ta ba da kuɗin, kada a goge saƙo ko ɗaya, kuma kayan da aka kawo a bar su yadda suke har masu bincike su gani.