Mai waldar da ya haɗa mini kwalekwale daga tarkace a Argungu

Ni malamin zane ne a wata sakandare a nan Argungu, kuma na daɗe ina so ɗalibaina su ga aikin fasaha da za su iya zagayawa su taɓa da hannu. Sai na ƙudura haɗa kwalekwale mai tsawon kamu huɗu, da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, a jingine da gora a gefe, duk daga kayan da aka yar. Ban sa kifi ko masunci ba don na kauce wa siffar mai rai, kuma duk ɗan garin nan da ya ga homa da gora ya san Matan Fada ake nufi, gulbin da ake bikin kamun kifi a cikinsa. Yaran sun haddace cewa bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo a 1934, sun san UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Ni kuma so nake su ga wannan tarihin ya fito daga sarƙar babur da garen keke.

Kayan na tsinto su ne cikin wata biyu. Guntayen rodi da sarƙa da tsohon tankin babur na saya a kilo wurin 'yan gwangwan. Gwangwanayen lemo da murafun kwalba yara suka tara. Wani masunci ya ba ni yagaggiyar raga da fasasshiyar gora, kwanon rufi kuwa daga rusasshen ɗakin kakata na ɓamɓaro shi.

Mai waldar da na kai wa aikin dattijo ne, ƙofofi da tagogi ya saba yi. Na sauke tarkacen ina tsammanin dariya, sai ya ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar sifika ya tsuguna yana bin kayan ɗaya bayan ɗaya, ya raba su kashi uku. Ya ce, "Malam, wanga da wanga wuta na haɗa su. Wanga kuwa ko kwana muka yi a kai ba ya kamuwa." Gwangwanin lemo alminiyam ne, waldar da aka saba ba ta haɗa shi da baƙin ƙarfe. Kwanon rufi kuma ya yi siriri, wuta na taɓa shi zai huje, ga farin hayaƙin da yake fitarwa mai sa zazzaɓi da nauyin ƙirji. Ya ce a huda su a ɗaure da waya. Na yi mamaki, don kusan haka El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Nsukka, yake ɗinke murafun kwalba da wayar jan ƙarfe har duniya ta san shi. Wannan dattijo bai taɓa jin sunansa ba, sanin ƙarfe ne ya kai shi can.

Tankin babur ma ya ƙi kusantar da shi wuta sai da aka wanke shi da garin sabulu sau biyu aka cika shi da ruwa, saboda tururin fetur da ke maƙale a ciki kan fashe. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Ƙashin jirgin ya fito da ƙarfi, mutum biyu suka hau bai motsa ba. Garen keke ya raba shi biyu ya lanƙwasa ya zama bakin homa, sarƙar ta bi gefen jirgi tamkar an saƙa ta a wurin. Kuɗin da ya karɓa bai kai na ƙofar ɗaki ɗaya ba.

Amma akwai abin da ya sosa mini rai. Ranar da na tafi makaranta na bar aikin, na dawo na tarar yaron shagon ya kankare tsatsar gefe guda na kwanon tas, ya shafe shi da jan fentin nan da ake fara sa wa ƙofa. Wannan tsatsar ita ce dalilin da ya sa na ɗauko kwanon. Shekara da shekaru damina na bugunta, ta yi hawa-hawa, ja da ruwan ƙasa da baƙi-baƙi, kamar gulbi idan ya kawo. Na tsaya na kasa magana. Dattijon bai yi musu ba, ya ce, "Yi haƙuri Malam, mu a wurinmu ƙarfe mai tsatsa aikin da ba a gama ba ne." Ya sa aka goge fentin, sai dai abin da ya tafi ya tafi. Dole na rufe gefen da murafun kwalba. Wanda zai kai irin wannan aiki, ya zauna a wurin, ko ya sa alli ya zagaye duk inda bai yarda a taɓa ba.

Kwana huɗu ya yi mini alkawari, aikin ya ci tara, tsakanin ɗaukewar wuta da masu ƙofa da ke gaggawa. Kuma ban ji daɗin ganin yaran shagon suna leƙen wutar walda ba tabarau ba. Na yi masa magana, ina fata ya ɗauka, don idon yaro ba abin wasa ba ne.

Gorar ni na ɗinke ta da waya, irin yadda iyayenmu mata ke ɗinke ƙwarya. Yanzu jirgin yana ƙarƙashin dalbejiyar makaranta. Ranar farko wani ɗalibi ɗan gidan masunta ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Malam, ba haka ake riƙe homa ba, bakin ya yi faɗi." Ya yi gaskiya. Ran Asabar zan mayar da ita shagon dattijon, tare da yaron, ya nuna masa inda za a matse.