Jijiyoyin da ke bayyana a fata: man shafawa ko allura?

Siraran jijiyoyin nan ja ko shuɗi da ke yaɗuwa a cinya ko kumatu kamar saƙar gizo-gizo, man shafawa ba ya ɓatar da su. Jijiyar tana ƙarƙashin fata, ta riga ta buɗe. Man shafawa mai sinadarin bitamin K ma iyakarsa laushin fata. Man bilicin mai sitiroyid (wani sinadarin rage kumburi) kuwa shi ke ƙara fito da su, don yana sirantar da fata.

A asibiti likita kan tsira wa jijiyar ƙaramar allura, ya zuba magani irin polidocanol, ta manne, ta dushe cikin mako 3 zuwa 6. Akwai tsada, wani lokaci sai an maimaita, kuma baƙar fata kan yi tabo na ɗan lokaci. Jijiyoyin fuska kuwa an fi yi musu magani da hasken leza.